Yadda ake zuwa kallon tseren mita 100 da ƙwallon kwando a gasar Olamfik

Tun da na dawo daga Paris a Agustan 2024 mutane suke tare ni da tambaya iri ɗaya: ta ina ake farawa, kuma nawa za a kashe? Wasu sun ɗauka sai mai hanya da ma'aikatar wasanni ne ke shiga irin waɗannan wurare. Ba haka ba ne. Tikiti ne ake saya kamar na jirgi, abin da dai ke kayar da mutane shi ne su yi na ƙarshe a farko, su bar na farko sai ƙarshe. Zan jero matakan yadda ya kamata su biyo juna, da abin da na gani a Paris, da kuma abin da ya riga ya tabbata game da gasa mai zuwa ta Los Angeles, wadda za a yi daga 14 zuwa 30 ga Yulin 2028.

1. Fara da fasfo da biza

Kafin ka leƙa farashin kujera, buɗe fasfonka ka duba ranar ƙarewarsa. In bai kai wata shida bayan ranar da za ka dawo ba, sabunta shi yanzu, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai biza. Ta Faransa bizar Shengen ce, kuɗinta ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024, ban da na cibiyar da ke karɓar takardu. Suna neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da takardar banki, da abin da zai nuna kana da dalilin komowa gida, kamar aiki ko kasuwanci. Ana iya nema tun saura wata shida a tafi, kuma a farkon wata shidan nan ya kamata ka nema.

Amurka kuwa maganarta daban ce. Kuɗin neman bizar ziyara Dala 185 ne, amma ba kuɗin ne matsalar ba. A Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta hana wa shiga, a Disambar shekarar ta ƙara da Nijar, ta kuma dakatar da ba 'yan Najeriya bizar ziyara. An ware 'yan wasa da masu horar da su daga wannan doka, ba a ware 'yan kallo ba. Irin wannan umarni yana canzawa, saboda haka ka duba shafin ofishin jakadancin da kanka kafin ka fitar da ko sisi.

Gargaɗi: tikitin wasa ba biza ba ne, ba ya kuma tilasta wa kowa ya ba ka biza. Duk ajan ɗin da ya ce maka yana da "bizar Olamfik" ta musamman ga 'yan kallo, riƙe aljihunka ka wuce.

In ƙofar Amurka ta ƙi buɗuwa, matakan da ke ƙasa suna aiki a sauran manyan gasanni. Gasar tsere ta duniya ta 2027 a Beijing za a yi ta. Gasar kwandon Afirka ta mata ta 2025 a Abidjan aka yi, inda D'Tigress, tawagar matan Najeriya, suka doke Mali suka ɗauki kofin karo na biyar a jere, kuma ɗan Najeriya bai buƙaci biza ba ya je.

2. Karanta jadawali ka zaɓi zama, ba ɗan wasa ba

Wannan shi ne abin da mutane suka fi kasa ganewa. Ba a sayar da tikitin "mita 100" shi kaɗai. Ana sayar da tikitin zama ne, wato wasu sa'o'i a fili ɗaya, duk abin da aka yi a cikinsu ka gani. Tsere yakan kasu zama biyu a rana. Na safe shi ne na zagayen farko, yana da sauƙin kuɗi, kuma a nan ne ka fi tabbacin ganin 'yan ƙasarku, domin kowa yana nan ba a fitar da shi ba tukuna. Na yamma shi ne na karɓar lambobi, shi ne mai tsada.

A Paris an yi ƙarshen mita 100 na mata ranar 3 ga Agusta, na maza 4 ga wata, mita 200 na maza kuma 8 ga wata, daren da Letsile Tebogo ya ba Botswana zinarenta na farko da daƙiƙa 19.46. A Los Angeles an juya tsarin da aka saba: tsere ne a makon farko a filin Coliseum, ninƙaya ta koma mako na biyu. Ƙarshen mita 100 na mata ranar 15 ga Yuli ne, washegarin bikin buɗewa. Wanda ya bi tsohon lissafi ya ce bari in je mako na biyu, zai tarar an tashi daga gajeren tsere.

Kwando ya fi wahalar shiryawa. An fara sayar da tikitin Paris a Fabrairun 2023, alhali D'Tigress ba su sami gurbi ba sai Fabrairun 2024 a Antwerp, ƙuri'ar rukuni kuma sai Maris aka yi ta. Duk wanda ya sayi tikiti da wuri ya saya ne a makance, bai san wa zai kalla ba. Ni shawarata a nan ita ce ka sayi na tsere da wuri tunda ranarsa ba ta motsi, ka jinkirta na kwando har a fitar da rukuni. Tikitin wasannin mata na matakin rukuni ba ya ƙarewa da sauri kamar na tawagar maza ta Amurka.

Gargaɗi: kada ka ɗora dukan tafiyarka a kan mutum ɗaya. 'Yar Najeriya Favour Ofili ta cancanci gudun mita 100 a Paris amma sunanta bai shiga jerin ba, sai mita 200 ta yi, ta zo ta shida. Tobi Amusan, mai riƙe da tarihin duniya na daƙiƙa 12.12 a tsallaken shinge, ba ta kai zagayen ƙarshe ba. Akwai waɗanda suka sayi tikitin daren ƙarshe saboda ita kawai.

3. Yi rajista ka sayi tikiti a inda ya dace

Ana farawa da rajista kyauta a shafin masu shirya gasar, sannan a yi ƙuri'a. In ta faɗo kanka za a aiko maka saƙon imel da lokacin da za ka shiga ka saya. A Paris sa'o'i 48 ake bayarwa. Yi rajista da imel ɗin da kake buɗewa kullum, ka riƙa leƙa akwatin tarkace, domin saƙon yakan faɗa can. Los Angeles sun buɗe tasu rajistar a Janairun 2026, tikiti kuma kashi-kashi ake sakinsa, rasa na farko ba ya nufin an rufe.

Farashi: mafi araha a Paris Yuro 24 ne, kujerun gaba na daren mita 100 da na wasan ƙarshe na kwando sun kusa Yuro 1,000. A Los Angeles mafi araha Dala 28. Kada wannan ƙaramin adadin ya ruɗe ka, ba da shi ake shiga daren mita 100 ba.

Abin da ya kusa kayar da ni katin banki ne. Kamfanin Visa ne ke da haƙƙin biyan kuɗi a Olamfik, katinsu ake karɓa a shafin tikiti da cikin filaye. Na shiga a lokacina, na zaɓi kujeru, katin ya ƙi tafiya saboda ƙa'idar da bankina ya sa wa kashe kuɗi a waje. Kafin in sami wanda zai ɗaga waya a bankin, kujerun sun koma kasuwa. Washegari na dawo na sami waɗanda ba su kai su ba. Ka tanadi katin asusun Dala, ka sa a ɗaga maka iyaka mako guda kafin ranar, ka gwada sayen wani ƙaramin abu da shi daga shagon waje ka ga ya wuce. Ka kuma tabbata layin da lambar sirri ke shigowa yana hannunka.

Gargaɗi: tikitin Paris a cikin manhajar waya yake zaune, ba takarda, ba hoto. Wanda ya turo maka hoton tikiti ta WhatsApp ya ce ka biya, ya sayar maka da iska. In ka rasa na farko, akwai kasuwar sake sayarwa ta masu gasar da kansu, wadda aka buɗe a Mayun 2024, kan farashin asali da ɗan abin da ake ɗorawa. A can na sami tikitin wasan kwandon mata na Najeriya da Kanada saura kwana kaɗan.

4. Zaɓi kujera da idon mai kallo

A tsere, tsadar kujera ba ita ce kyawunta ba. Mita 100 a miƙaƙƙen layin da ke gaban babbar rumfa ake yinsa. Kujerar da ta fi ita ce wadda ke daidai da layin ƙarshe, a ɗan sama, inda za ka ga layukan takwas a jere. Ta ƙasa sosai kusa da hanya tana da daɗin hoto, amma mutum na layin kusa da kai zai rufe maka sauran. Ta bayan wurin tashi bayansu za ka kalla suna ƙanƙancewa. Ta ɗaya ɓangaren filin kuwa, gaskiya allo za ka kalla, sai dai ka sha ihu tare da jama'a. Mita 200 ya fi yafiya, domin daga kwana ake tashi, kujerun kwanar ma suna ganin rabin aikin. Buɗe taswirar filin a shafin tikiti ka nemo inda layin ƙarshe yake kafin ka danna, ka kuma tafi da ƙaramin madubin hangen nesa in kujerarka ta sama ce.

A kwando, gefe ya fi bayan kwando, tsakiyar tsayi ya fi can ƙololuwa. Filin Pierre-Mauroy da ke wajen garin Lille a arewacin Faransa, inda aka yi matakin rukuni, asalinsa na ƙwallon ƙafa ne aka raba shi biyu, yana ɗaukar mutum kusan 27,000. Daga kujerun sama 'yan wasa masu tsayin mita biyu kamar 'yan tsana suke. Filin Bercy da ke cikin Paris, inda aka yi sauran wasannin, ya fi shi ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kusan ko'ina ka zauna ka gani. Na Los Angeles a Intuit Dome za a yi, wanda dama don kwando aka gina shi.

5. Masauki da zirga-zirga

Nemi masauki a kan layin jirgin da ke zuwa filin, ko da ya yi nisa da tsakiyar gari, kuma wanda za ka iya fasawa a dawo maka da kuɗinka in biza ta ƙi. Haka tikitin jirgin sama, kada ka biya marar canji sai biza ta shigo hannu.

Kuɗin shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a Paris an kai shi Yuro 4 a lokacin gasar, kusan ninki biyu. Katin yini Yuro 16, na mako Yuro 70. Ka lissafa shi cikin kasafi tun daga gida, tare da abinci, wanda a cikin fili ya fi na waje tsada sosai.

Ga yadda ranar 4 ga Agusta ta kasance mini, don ka ga abin da ake nufi da haɗa wasa biyu a rana ɗaya. Najeriya da Kanada ƙarfe 1:30 na rana a Lille, mita 100 na maza da dare a Stade de France, tsakaninsu tafiyar sa'a ɗaya a jirgin ƙasa mai sauri. An tashi wasa bayan uku. Layin shiga jirgin cikin gari daga filin ya ci mini fiye da tafiyar kanta. Na isa tasha da guntun lokaci, sai a nan na lura Lille tashoshi biyu gare ta, Flandres da Europe, tawa kuma ɗayar ce. Allah ya so 'yan mintuna ne tsakaninsu a ƙafa, na yi su da gudu, tuta a wuya, gumi har cikin takalmi. Daga Gare du Nord, tashar da jirgin Lille yake tsayawa a Paris, tasha ɗaya ce zuwa filin a layin jirgin RER B ko D. Na zauna a kujerata da ragowar kusan sa'a ɗaya kafin zagayen kusa da na ƙarshe.

Gargaɗi: in za ka yi irin wannan, sayi tikitin jirgin da zai tashi aƙalla sa'a ɗaya da rabi bayan lokacin da aka ce wasa zai ƙare. Kwando yana iya shiga ƙarin lokaci, jiragen ma ba su da tabbas: ranar bikin buɗewa an lalata wayoyin layukan jirgi masu sauri, har da na Lille, dubban mutane suka maƙale. A Los Angeles filayen biyu a yanki ɗaya suke, can cunkoson mota ne abin tsoro.

6. Ranar shiga fili

Ka isa da sa'a ɗaya da rabi a hannu. Ana bincike kafin a kai ga ƙofa, ƙofarka kuma tana iya kasancewa a ɗaya gefen ginin. Buɗe tikitin a manhaja tun kana masauki, domin inda mutum dubu saba'in suka taru intanet yakan ƙi. Wayarka ita ce tikitinka, ita ce taswirarka, saboda haka ka riƙe abin cajin tafi-da-gidanka cike. Ƙaramar jaka, hula, rigar ruwa marar nauyi. Julien Alfred cikin ruwan sama ta ci mita 100 na mata da 10.72, kujerun gaba suka jiƙe sharkaf. An bar mu mun shiga da gorar ruwa da ba ta gilashi ba, muna cikawa a famfo kyauta. Kowane fili da jerin abin da ya haramta, karanta shi daren jajibiri.

Maganar salla, wadda ba za ka gan ta a takardar tikiti ba. A farkon Agusta rana ba ta faɗuwa a Paris sai wajen tara da rabi na dare, wato magariba tana shigowa ne daidai lokacin da ake shirin babban tsere. Ni ban ci karo da wurin salla a filayen biyu ba. Matafiyi ne kai, ka yi ƙasaru ka haɗa azahar da la'asar kafin ka shiga, magariba da isha bayan ka fito, ka riƙe alwala in za ka iya. Abincin halal kuma ka ci a waje, unguwar Saint-Denis da filin yake cike take da shi. In ka fita daga fili ba a sake barinka ka shigo da tikitin.

7. Yadda ake kallon daƙiƙa goma

Ka biya kuɗi mai yawa don abin da bai kai tsawon hamma biyu ba, to kada ka ɓata shi. Kuskure na farko shi ne ɗaga waya. Wanda ke gefena ya ɗauki bidiyon tseren duka, da aka gama ya juyo yana tambayata wa ya ci.

Da mai harba bindiga ya kira su kan layi, filin yakan yi tsit, kai ma ka yi. Tun 2010 tashi kafin harbi sau ɗaya ya isa a kori mutum, na'urar da ke jikin abin tokare ƙafa tana auna motsinsa, in ya tashi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan harbi an ɗauka ya riga bindiga. Haka aka kori Usain Bolt a Daegu a 2011. Zaɓi mutum biyu ka bi su da ido, ba takwas ba. A layin ƙarshe ƙirji ake dubawa, ba ƙafa ba, ba kai ba.

Daren ƙarshen mita 100 na maza a Paris an kashe fitilu, aka yi wasan haske, aka bar su tsaye har jikin kowa ya fara rawa. Aka harba. Daga inda nake na rantse Kishane Thompson na Jamaika ne ya ci, 'yan Jamaikan da ke gabanmu har sun fara rungumar juna. Allo ya ƙi nuna suna, sai kalmar hoto a gaban kusan kowa. Mutum takwas suna tsaye sun ɗaga kai sama kamar mu. Da ya fito, Noah Lyles ne: su biyu 9.79, bambancin kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa. Wanda ya zo na takwas 9.91 ya yi. Saboda haka kada ka tashi, kada ka yi murna, sai allo ya yi magana.

Allon nan ka koyi karanta shi tun a zagayen safe. Babban harafin Q yana nufin mutum ya wuce da matsayinsa, ƙaramin q ya wuce da lokacinsa cikin waɗanda ba su zo a gaba ba. Akwai lambar iska a gefe, in ta haura mita 2.0 a daƙiƙa tana tura su, lokacin ba ya shiga tarihi ko da ya kai me. A Paris an kawo zagayen gyara daga mita 200 zuwa 1,500, wanda ya faɗi a farko yana da dama ta biyu washegari, amma mita 100 babu wannan rangwamen. Kuma ka sani ba tsere kaɗai ake yi ba. A daren nan ana tsallen sama na mata a gefe ɗaya, ana jifan guduma na maza a ɗayan, duk a tikiti guda. Wanda ya ci zinare a Stade de France yakan je ya kaɗa wata ƙararrawa a bakin hanya, wadda daga baya aka kai majami'ar Notre-Dame.

8. Yadda ake kallon kwando

In NBA, gasar kwandon Amurka, ka saba gani, gyara lissafi. A nan zubi huɗu ne na minti goma-goma, laifi biyar ke fitar da ɗan wasa, layin maki uku ya fi kusa, mita 6.75. Ƙungiya tana da daƙiƙa 24 ta jefa, agogon yana saman kwando, shi za ka riƙa sata da ido. Minti arba'in ɗin yakan ci kusan sa'a biyu. Ƙasashe 12 ne a rukuni uku, biyun farko su wuce tare da biyu mafiya kyau cikin na uku, shi ya sa tazarar maki take da muhimmanci har daƙiƙar ƙarshe ko da an san wanda ya ci. Duba tikitinka da kyau, wani zaman wasa biyu ne a jere, wani ɗaya. Kada kuma ka ruɗe da kwandon mutum uku-uku, wasa ne daban a fili daban.

Gargaɗi: kada ka tafi neman abinci a hutun rabin lokaci. Kanada ce ke gaba da 41 da 37 da aka tafi hutu, wasu 'yan Najeriya biyu da ke layinmu suka fita sayen abin sha. Zubi na uku D'Tigress suka ci 23, Kanada 5. Suka dawo da kofuna a hannu suna kallon allo kamar an canza wasa. Aka tashi 79 da 70, Ezinne Kalu da maki 21, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙasashe takwas a kwandon Olamfik. Ci abincinka kafin a fara, bayan gida kuma a tsakiyar zubi na biyu, lokacin ba layi.

In ƙungiyarku ta wuce, a daren za ka shiga kasuwar sake sayarwa, domin magoya bayan waɗanda aka fitar suna zubar da tikitinsu nan take. Ka bar kuɗin tikiti ɗaya da kwana uku a jadawalinka saboda wannan. Ni ban bari ba, jirgina na 6 ga wata ne, wasan Najeriya da Amurka a Bercy kuma 7 ga wata. A falo na kalle shi, aka tashi 88 da 74.

9. In a gida za ka kalla

SuperSport ce ta nuna ta Paris a yankinmu, tazarar lokaci sa'a ɗaya kacal. Los Angeles tana bayan Najeriya da Nijar da sa'a takwas a watan Yuli, tseren ƙarfe bakwai na yammacinsu ƙarfe uku na dare ne a Kano da Maradi. Ka yi magana da mai gidan kallon unguwarku tun da wuri, ko ka tanadi mai a janareta da data a waya, ka saita ƙararrawa minti ashirin kafin lokacin da jadawali ya nuna.